Ƙararrawar Baba Ya'u

"Ɗauke min wannan abin daga gefen gadona, Hamisu!"

"Haba Baba, dannawa kawai za ka yi, ta yi ƙara a ɗakina."

"Na ce ka ɗauke."

Baba Ya'u mai gadin gidan da ke jikin namu ne a Nassarawa GRA. Masu gidan suna Abuja, shi kaɗai ne a ciki, ga hawan jini ya kayar da shi sau biyu. Ni direba ne, ina zaune da iyalina a ɗakunan baya, katanga ce kawai tsakaninmu. Tsorona ɗaya: kada ya faɗi ba wanda ya ji. Shi ya sa na sayo ƙararrawa marar waya.

"Shekara talatin ina masinja," in ji shi. "Mutum yana zaune ya danna ƙararrawa, in taho a guje. Har na yi ritaya wani bai san sunana ba. Ni ba zan kira ɗan Adam da ƙarfe ba."

"To in jiri ya ɗebe ka fa?"

"Ba ka da suna ne?"

Ya ba ni haushi ƙwarai. Ƙararrawar bakin ƙofar gidan ma tuni ya tsinke wayarta, baƙo sai dai ya yi sallama. 'Yata Safina, mai karatu a jami'a, ta ce akwai wata doguwar kalmar Turanci da ake kiran masu ƙin ƙararrawa da ita. Ta karanta masa, ni harshena ya kasa. Ya yi dariya har da tari.

"Ashe muna da yawa!"

Na bar masa madannin a kan dole. Kullum zan fita sai na ce wa mai ɗakina ta kasa kunne.

Ranar Talata da hantsi ina wanke mota, famfo na zuba, rediyo na yi. Kamar na ji an ce "Hamisu" ta bayan katanga. Na kashe famfon. Shiru. Na ce a raina, ai da shi ne da ya danna ƙararrawar. Na ci gaba da wanki.

Da ban gan shi a sallar Azahar ba, sai na shiga gidan. Yana kwance a gindin katangar, fuskarsa tana kallon gidanmu.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga ɗakinsa. Madannin yana kan taga, ya naɗe shi a leda don kada ya yi datti. Batirin kuwa yana cikin faranti, kusa da carbinsa.