Riga Mai Gajeren Hannu

"Ba zai yiwu ba," in ji Tela, ya sake ɗaga rigar saitin taga. "Wannan shuɗin ba ni da shi. Duba da idonka."

"Shuɗi ai shuɗi ne, Sarkin Allura."

"A wurin mai ɗaukar faranti ba. In na jona maka hannu da wani yadin, daga bakin titi za a hango. A ce wa ya yi wannan ɗanyen aiki? A ce ni. Shekara talatin ina kan keken nan, ba a taɓa nuna ɗinkina an yi dariya ba."

Maƙwabcin nasa ya zauna a bencin da ke jikin ƙofa, ya haɗa gwiwoyi kamar ɗan makarantar da aka kira ofis. Tsaf-tsaf ake ce masa a layin, har yara ba su san yana da wani suna ba, domin ko shara zai fitar sai ya goge takalmi. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da shagon Tela. Shekara ashirin da uku ke nan yana kai wa baƙi abinci a wani babban otal, kuma duk tsawon shekarun nan Tela ne ke ɗinka masa fararen rigunan aiki. Shi kaɗai ya san awonsu: hannun ya fi na kowa tsawo da yatsa biyu, ga maɓalli na biyu a wuyan hannu, don kada ya zame idan ya miƙa zai zuba wa baƙo shayi.

Abin da hannun rigar ke rufewa kunama ce. Zanen tatu ne, baƙi wuluk, daga wuyan hannun dama har kusa da gwiwar hannu, ta ɗaga wutsiya kamar yau aka taɓa ta. Yana da shekara goma sha takwas aka yi masa, shi da abokan ƙwallonsa huɗu, ranar da suka ci wani kofi da yanzu ba mai tuna sunansa. Ƙuruciya ta wuce, kunama ta zauna. Sau uku tana hana shi aiki: gadin banki, tuƙin motar makaranta, da wani kantin magani inda mai kantin ta janyo jakarta jikinta tun bai gama gaisuwa ba. Daga nan ya gane cewa mutane kan karanta hannu kafin su dubi fuska.

Yanzu an sayar da otal ɗin. Sabon manaja ya zo da sababbin riguna masu gajeren hannu, da takarda a jikin bango: ba a yarda da zane a duk inda baƙo zai gani ba.

"Litinin za mu fara sa su," in ji Tsaf-tsaf a hankali. "Shekara biyu ta rage mini, Tela. Biyu kacal. 'Yata ta gama karatunta, in ajiye musu farantinsu da mutuncina. In na samu dogon hannu zan ce sanyin na'ura ke shiga ƙashina, tsufa ne."

"To ka je ka faɗa masa gaskiya mana. Shekara ashirin da uku ai ba kwana ashirin da uku ba ce."

"In ce masa me? Ranka ya daɗe, ga kunamar da nake kiwo a hannun riga? Mutumin da ya sallami mai goge-goge shekaranjiya saboda ɗan kunne?"

"Ba ni mako guda. Zan nemo yadin ko a ƙarƙashin ƙasa yake. Kafin nan ka ce zazzaɓi."

"Zazzaɓi a makon farko na sabon manaja."

Tela ya yi dariya, ya mayar da ƙafarsa kan keke. "To kankare kunamar ka huta, ni ma in huta da kai."

Wasa ya yi. Sai daga baya ya tuna cewa Tsaf-tsaf bai taya shi dariyar ba.

Kwana huɗu Tela yana yawo da guntun bakin rigar a aljihu, kanti-kanti, yana gwada shi a jikin bandira-bandira na yadi. Wani ya yi duhu, wani ya yi haske, wani daidai yake a inuwa amma da an fito rana sai ya tona kansa. Ranar Alhamis ya samu, a wani lungu, wurin wata tsohuwa da ba ta ko ɗago kai ba. Ya dawo yana jin kansa kamar wanda ya ciwo yaƙi. Ya zauna ya fitar da hannaye biyu, ya ɓoye jonin a ƙarƙashin ninki, har shi kansa sai ya shafa yake jin wurin. Da hantsin Juma'a, don ɗoki, bai jira maƙwabcin ya dawo ba. Ya naɗe rigar a takarda ya nufi otal ɗin.

Ta ƙofar baya aka shigar da shi, ya bi wani dogon lungu mai warin sabulu da tururi. Ta gilashin ƙofar ɗakin cin abinci ya hango shi. Tsaf-tsaf na tafe tsakanin fararen tebura cikin shuɗiyar riga mai gajeren hannu, baya a miƙe, murmushi a inda ya saba ajiye shi. Hannunsa na dama naɗe yake da bandeji daga wuya har gwiwa. Da hagu yake riƙe da tire, kofunan suna ɗan kaɗa juna kamar haƙoran mai jin sanyi.

Da ya fito, Tela ya kama shi a kusa da wurin wanke kwanoni.

"Mene ne wannan?"

"Mai ne ya fallatso mini a kicin."

"Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa? Dube ni, Tsaf."

Tsaf-tsaf ya waiga hagu da dama. Gumi ya jera a goshinsa, alhali wurin sanyi ne da shi. "Akwai wani mai kanti a bayan tasha. Wani ruwa ne a kwalba. Ya ce a shafa sau uku, fata ta saɓule, sabuwa ta fito fes."

"Kai mai ciwon sukari? Kai da likita ya ce ko farce za ka yanke ka yi a hankali?"

"Kunamar ta tafi, Tela." Idanunsa suka yi wani irin haske da ya tsorata Tela fiye da bandejin. "Shekara talatin da wani abu, yau ba ta nan. Jiya manaja da kansa ya dafa kafaɗata, ya ce wa yaran nan su yi koyi da ni, ga rauni ga aiki."

Wani wari ne ke fitowa daga ƙarƙashin bandejin, siriri, mai zaƙi-zaƙi, wanda turaren da ya fesa ya kasa dannewa.

"Mu je asibiti. Yanzu."

"Likita na gani zai san ba ƙunar mai ba ce, ya rubuta, takarda ta zo nan. Ka ba ni zuwa ƙarshen mako, zai bushe. Uwargida ma mai na ce mata." Ya riƙe gefen rigar Tela da hannun hagu. "Don zaman da muka yi. Kada kowa ya ji."

Tela ya dubi ƙunshin takardar da ke hammatarsa. Da ya jona kowane irin shuɗi ranar nan, da yanzu dariya kawai ake yi masa a layi. Cikin kunya ya gyaɗa kai.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Tela na kan keke, amma kunnensa na jikin katanga. Ya ji an ja bokiti, ya ji tari, ya ji muryar matar tana cewa, "Ka bari in gani mana," da muryar mijin yana cewa ai an ba shi magani a wurin aiki. Sau biyu Tela ya miƙe, ya kai har bakin ƙofarsu, ya dawo. Alkawari kaya ne, ya gaya wa kansa. Ya ɗinke aljihun wani wando a rufe bai sani ba.

Da safiyar Litinin bai ji ƙarar takalmin da ya saba saita agogonsa da shi ba. Muryar matar ya ji, ba sallama.

"Malam Tela! Zo ka ga mutumin nan, ba ya gane ni!"

Ya same shi a gefen gado, sanye da shuɗiyar rigar, ƙafa ɗaya cikin takalmi, yana tambayar tebur na nawa ne ya ce a kawo ruwa. Jikinsa kamar dutsen guga. Hannun ya kumbura har bandejin ya nutse a ciki, wani jan layi ya haura zuwa kafaɗa. A nan tsaye, a tsakiyar ɗakin da komai ke jere a muhallinsa, Tela ya faɗa mata gaskiya duka.

Ba ta yi ihu ba. Ta dube shi kawai. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun Juma'a."

"Juma'a," ta ce, ta sunkuya ta cire wa mijinta takalmin.

A asibiti likita ya warware bandejin, ya duba, ya ce dafin ya riga ya shiga jini. Suka yi abin da za su iya. Ranar Talata da rana Tsaf-tsaf ya farfaɗo, ya ga Tela a kujera, ya motsa leɓe.

"Sarkin Allura. Ka samo yadin?"

"Na samo. Ko kai ba za ka gane jonin ba."

"Na sani. Shi ya sa ba na kai ɗinki wurin kowa." Ya lumshe ido, ya sake buɗewa. "Sun bugo daga wurin aiki?"

"Sun bugo. Sun ce wurinka na nan."

Ya yi murmushi, ba irin na baƙi ba, nasa na kansa, wanda ke karkacewa gefe guda. Washegari da hantsi, 'yarsa na riƙe da hannunsa na hagu, ya cika, shiru, kamar yadda yakan janye daga tebur ba tare da baƙo ya lura ba.

Masu zuwa gaisuwa suka tambaya, matar ta ce sukari ne. Ga Tela kuwa magana ɗaya ta yi, a soro, ba ta dube shi ba: "Ya ɓoye abin nan duk rayuwarsa. Kada a tona shi yanzu da ba ya nan."

Bayan kwana biyar wani mutum ya yi sallama a shagon, mai furfura a gefen kai, riƙe da leda. Abokin aikin marigayin ne. Ya kawo wa matar kayan da ke akwatinsa na otal, aka ce masa tela na nan kusa. Ya zauna a bencin, ya daɗe yana murza hularsa.

"Hutu nake, shi ya sa ban sa rigar ba tukuna. Jibi zan koma." Ya ja hannun rigarsa sama kaɗan. Wasu haruffa ne da ɗan tauraro a gefe. "Sunan 'yata ce. Ta rasu tana goye. A otal shi kaɗai ya sani, ni ma ni kaɗai na san tasa. Allah ya jiƙansa, har rabin maganinsa ya rage mini." Ya zaro wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa daga aljihu. "Ya ce yana aiki. To hannuna ya ƙi, Malam. Kwana uku ina buɗewa ina rufewa. Na ce bari in tambaye ka, kai da ka gan shi, wurin ya warke da kyau kafin sukarin ya tashi?"

Tela ya dubi kwalbar. Ba ta fi tsawon yatsa ba.

"Ku nawa ne masu ɓoye zane a can?"

"Wa ya sani? Akwai wata a wurin karɓar baƙi, kullum da filasta a wuya. Akwai direba. Kowa na ta kansa yake."

Tela ya miƙa hannu, mutumin ya sa masa kwalbar a tafi. Ya ajiye ta a kan keke, kusa da almakashi, ya miƙe. Ya fita, ya taka 'yan takun nan da ya taka ya juyo ranar Asabar da Lahadi, ya tsaya a bakin ƙofarsu. Matar na zaune a tabarma, tana ninke fararen riguna ɗaya bayan ɗaya, tana ɓalla kowane maɓalli kafin ta ajiye.

"Uwargida," ya ce, ya ɗaga murya yadda na cikin shago ma zai ji. "Na yi shiru sau ɗaya, kin ga abin da ya haifa. Ki yafe mini. Gobe da safe zan je wurin manajan nan, in faɗa masa abin da ya kashe maƙwabcina."