Aljihun da Ba a Duba Ba

Ranar Talata ce, ruwa ya kwana yana zuba, har hantsi bai ɗauke ba. A shagon wanki da guga babu abin da ya bushe. An ja igiyoyi daga bango zuwa bango an rataye kayan mutane, ko'ina warin danshi da sabulu. Mai gugan shagon yana can bayan labule yana bin wuyan wata riga da dutsen guga, sai ya ji muryar wani dattijo a kanta.

Ƙonau ake ce wa mai gugan nan, kuma budurwar da ke tsaron kanta ce ta raɗa masa sunan. Shekara biyu da suka wuce, a satinsa na farko, ya bar shatin dutse a bayan wata farar riga, ya ninke ta yadda ba za a gani ba. Ita kuwa ta warware ta, ta ɗaga sama a gaban mai shago da mutum uku masu jiran kaya. Ya rama da laƙaba mata Sufeto, sunan ya bi ta. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Amma aiki dole ya tafi. Duk abin da ya goge, sai ta bi shi ɗaya bayan ɗaya kafin ta sa a leda: wuya, maɓallai, kari, kowane aljihu, tana neman laifinsa. Da ya gane haka, sai ya mai da aljihun rigar da ke sama gidan waya. Ya yagi takarda ya rubuta, "Sitati ya ƙare, ranki ya daɗe." Ita kuma ta maƙala amsa a kwandon wanki: "Karin wandon nan biyu ne. Ko idon ma ya ƙone?"

Dattijon da ya shigo ranar baffan Maɓalli ne. Maɓalli 'yar yayar Sufeto ce, shekararta shida. Iyayenta sun rasu a haɗarin mota tana da shekara uku, tun lokacin tana hannun Sufeto. In an tashi makaranta, a ƙarƙashin kanta take zama tana jera maɓallan da suka ɓalle, abin da ya jawo mata sunan ke nan.

"Ba faɗa na zo yi ba," in ji baffan. "Kin yi ƙoƙari. Amma mace ita kaɗai a ɗakin haya, tun safe har yamma a shago, yarinya a ƙarƙashin tebur kamar kyanwa? 'Yar ƙanena ce. Zan tafi da ita gidana."

"Baffa, garinku fa kwana guda ne a mota."

"Da kina da gida da miji, da ban ce komai ba."

Sai Ƙonau ya ji Sufeto ta ce, "Ai an yi mini baiko."

"Da wa?"

Labulen ya yaye. Shekara biyu ba ta taɓa tako ɗakin guga ba. Ta tsaya cikin tururi, ta yi ƙasa da murya.

"Na san ka tsane ni. Wata uku kawai, ya bar maganar, sai mu ce mun fasa."

"Duk mazan garin nan sun ƙare ne, Sufeto?"

"Kai ne a kusa, Ƙonau. Kar kanka ya kumbura."

Ya so ya bar ta ta sha kunya kamar yadda ta ba shi. Amma shi ma a gidan baffa ya tashi bayan rasuwar uwarsa, ya san yadda ake cin abinci a gidan da ake ƙirga maka loma. Ya kashe dutsen, ya goge hannu a wando, ya fita ya durƙusa ya gai da dattijon.

Baffan ya ƙare masa kallo. "Mai guga ne kai?"

"Eh, Baffa."

"To, sana'a ce. Zan riƙa leƙowa. In na ga gaskiya, yarinya ta zauna."

Sai ƙarya ta zama aiki na biyu. Suka haddace inda suka ce sun fara magana, da sunayen dangin juna. Ƙonau ya fara ɗauko Maɓalli daga makaranta don maƙwabta su gani, yarinyar ta riƙa hawa wuyansa tana ja masa kunne ya yi kwana. Ya je ɗakinsu ya gyara tagar da ke yoyo, ya ga katifa ɗaya ce, kuma gefen da ruwa ke ɗiga nan Sufeto ke kwana. Baffan ya zo sau biyu, ya zauna, ya yi tambayoyi, ya tafi fuskarsa a sake.

A gaban mutane suna hira kamar gaske. In ya rage su biyu, bakin Ƙonau sai ya mutu, ya koma ga takarda. "Ba ki ci komai ba tun safe, Sufeto." Amsa ta zo a kwando: "Wa ya naɗa ka likita?" Amma a ƙarƙashin takardar akwai rabin burodinta. Daga baya ma takardun suka ragu, don yanzu takan ɗaga labule ta faɗi abin da ke bakinta. Shi bai lura da abin da hakan ke nufi ba.

A sati na bakwai ya fita sayo sitati da rana. Da ya dawo ya tarar da wata kwat mai ruwan toka a saman kayan da ke jiran dutse, babu lambar mai kaya a jikinta. Bai tambaya ba. Kwana huɗu yana yawo da wata takarda a aljihunsa, ya rubuta ya yaga ya fi sau goma. Ya goge kwat ɗin da kyau, ya zura takardar a aljihun ciki, ya rataye ta a gaba. Can sai ya ji ƙarar leda a kanta. Ya jira amsa har aka rufe shago. Babu.

Washegari da safe baffan ya shigo sanye da kwat mai ruwan toka. Ashe tasa ce: jiya ya zo wani taro ne a garin, Sufeto ta karɓi kwat ɗin ta ce a goge masa kyauta, shi ya sa ba ta manna lamba ba.

"Kira mini angon," in ji shi.

Ƙonau ya fito. Mai shago tana nan, da wata mata mai jiran labulenta. Baffan ya sa tabarau, ya warware takardar, ya karanta a hankali kamar mai karanta sammaci.

"Sufeto, ƙaryar baikon nan da muka shirya wa baffan Maɓalli ta ishe ni. Ba na son ranar da za mu ce mun fasa ta zo. In kin yarda, mu mai da ita gaskiya."

Ya cire tabarau. "Da furfurata kuka zaunar da ni kuna yi mini wasan kwaikwayo."

"Baffa, ka karanta ƙarshen," in ji Ƙonau. "Da gaske nake. Ko gobe ne a shirye nake."

"Wancan karon ma da gaske ka ce, samari. Har durƙusawa ka yi." Ya juya ga Sufeto. "Haɗa mata kayanta. Motar azahar za mu bi."

Ta riƙe masa hannun riga, ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da darajar mamatan. Ya zare hannunsa a hankali. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

A tasha Maɓalli ta ɗauka yawo za a je, sai da ta ga antinta ba ta hau ba. Ta manna fuska a gilashi tana ihu, motar ta fita.

Ƙonau da Sufeto suka tsaya su biyu a gefen titi, hayaƙin motoci na dukansu.

"Shekara biyu babu aljihun da ya taɓa tsere miki," in ji shi. "Me ya sa jiya?"

Ba ta kalle shi ba. "Sati uku ke nan da na daina duba aikinka."

"Don me?"

"Kai ma ka sani. Kana da baki, Ƙonau. Labule ne kawai tsakaninmu."

"Abin da na rubuta yana nan. Mu yi auren, mu je masa tare."

"Da jiya ka faɗa, da na ce to." Ta share fuska da bakin mayafi. "Yanzu duk sanda na kalle ka, fuskarta zan gani a gilashin nan."

Ta yi sati ɗaya tana zuwa aiki, ba magana, ba takarda. Ranar Litinin ta miƙa wa mai shago makulli, ta sayar da katifa da risho, ta bi mota zuwa garin baffan, ko za a bar ta ta riƙa ganin yarinyar a ƙofar makaranta. An ce sau ɗaya a wata aka yarda mata.

Sufeto ta rasa yarinyar da ta raina shekara uku, da ɗakinta, da aikinta. Mai shago ta rasa mai tsaron kanta, har yau ba ta sami kamarta ba. Ƙonau ya rasa su biyun.