Jitar Ezekiel

Hayaƙin dalma ya tashi siriri, Dinah ta kauda fuska ta hure shi. Tun safe take kan jitar nan a shagonta na gyaran rediyo da ke bakin kasuwar Zuru. Ta fafe bayanta, ta zaunar da ɗan allon lantarki mai sa sauti ya yi amsa-kuwwa, ta ja wayoyi zuwa makunni, ta yi wa batir gurbi. Da ta taɓa tsirkiya, amon ya tafi ya dawo kamar a kogon dutse.

"Saura abu ɗaya, Anti," in ji Japhet, wanda ya kawo aikin. Ya ajiye wata 'yar na'ura mai cin memori. "Ki ɓoye wannan ma a ciki. In na danna, ta riƙa yi."

Ta jona ta da sifika. Kiɗa ya fito, mai taushi, ba gaggawa. Ta san hannun. Shekara goma tana jinsa a coci kafin Ezekiel, wan Japhet, ya dawo daga bakin daga babu hannun dama. Can ƙarshe aka ji tari, sai muryarsa cikin dariya: "Keziah, kin ji? Wannan taki ce."

"Nan wurin za a yanke," in ji Japhet. "Bikin Asabar na manya ne. Ni dai in riƙa motsa yatsu."

Dinah ta dubi faratansa, zaƙo-zaƙo, masu sheƙi, waɗanda ba su san zafin tsirkiya ba.

"Ezekiel ya san ka ɗauko jitarsa?"

"Me zai yi da ita? A bango take rataye."

"Waƙar matarsa ce fa."

"Wa zai gane? Ki yi aikinki kawai, Anti."

Ta tura masa jitar da bayan hannu. "Amon na haɗa. Wannan kuwa ba da ni ba. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tsallaka titi wurin wani mai gyara. Ba a yi awa ɗaya ba ya fito yana murmushi.

Ranar Asabar dole Dinah ta je bikin, don amaryar ɗiyar ƙawarta ce. Japhet ya hau dandamali, ya lumshe ido, ya karkace baki, yana lanƙwasa kamar kiɗan daga hantarsa yake fita. Mata suka ɗau guɗa. A sahun gaba Ezekiel na zaune, hannun rigarsa naɗe. Keziah na gefensa, idonta a ƙasa. Yatsunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwa, kowanne na riga sautin isa wurinsa.

Da aka ce a tafa wa Japhet, Ezekiel ya daki cinyarsa sau uku.

Aka miƙo wa Dinah farantin shinkafa da nama. Ta karɓa, ta tura shi ƙarƙashin kujera, ta fita neman babur.