Gemun Malam Suma'ila

Malam Suma'ila maɗinki ne a unguwar Zango. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai, 'yarsa Sakina ke aiko masa abinci daga gidan mijinta. Da maganar aurensa da Zakiyya ta taso, kowa ya yi murna. Ita ma mijinta ya jima da rasuwa, 'ya'yanta duk sun kama gabansu, tana sana'ar alkaki a gidansu da ke Birni. Abin da kawai aka yi ƙorafi a kai shi ne lokacin, don an sa ranar a tsakiyar bazara, sa'ad da duwatsun Damagaram ke ɗaukar zafi tun hantsi, su riƙe abinsu har bayan isha'i.

Ana gobe ɗaurin aure, amininsa Idirisu ya zo shago, ya zauna a kan benci yana ta kallonsa.

"Suma'ila, da wannan gemun za ka je?"

"To da wanne zan je? Ka ga ina da wani a ajiye?"

"Fari fat kamar auduga! Wallahi sai a ɗauka kai ne waliyyi, a yi ta waige ana neman ango."

Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ce a butik, wato kanti, ya sayo, baƙin shafa wa gashi ne, mai butik ɗin ya rantse ko ruwan sama ba ya wanke shi. Suma'ila ya ce Allah ya kiyaye, shi da jikokinsa. Amma bayan Idirisu ya tafi ya bar kwalbar a kan keken ɗinki, sai ya tsaya gaban madubin da masu gwada kaya ke dubawa. Ya juya dama, ya juya hagu. Ya tuna Zakiyya ta fi shi ƙuruciya nesa ba kusa ba. Ya sa kwalbar a aljihu.

Da safe Idirisu ya zo ɗaukarsa a babur, shi ma gemunsa baƙi wuluk, don ya ce abokin ango ba zai tsaya kusa da ango kamar kakansa ba. Suma'ila ya sa jamfa, ya ɗora farar babbar riga ta shadda wadda ya ɗinka da hannunsa, ya kafa hula. Har ga Allah ya ji kansa kamar sabo.

A ƙofar gidan su Zakiyya an kafa rumfar bash, wato tamfol, an shimfiɗa tabarmi, an jawo waya daga zaure an kunna fanka. Da sanyin safiya aka shirya ɗaurawa, don kowa ya koma gida kafin rana ta buɗe. Sai aka bugo waya cewa Malam Abdulmumin, yayan amarya kuma waliyyinta, yana hanya daga Garagumsa, tayar motarsu ta fashe, a yi haƙuri.

Aka yi haƙuri. Rana ta yi ta hawa, bash ɗin ya ɗauki zafi har mutum na jin sa a tsakiyar kai. Can wuta ta ɗauke, fanka ta juya a hankali ta tsaya. Mata suka yi ta miƙo ruwan randa da kunun tsamiya daga cikin gida, ƙanƙarar da aka jefa ciki kafin kofi ya zagayo ta narke. Masu mafici na fifita, marasa shi suka yayyage kwalin da aka kawo dabino a ciki. Dattawa duk sun sha manyan riguna, gumi na tsiyaya, amma ba mai son a ce shi ya fara tuɓewa a gaban surukai.

Suma'ila ya ji wani abu na bin wuyansa. Ya ciro farin ƙyalle ya share, ya duba, sai ya ga baƙi. Ya sunkuya ya dubi ƙirjin rigarsa, ga layuka baƙaƙe sun gangaro kan aikin da ya ɓata makonni yana yi. Ya juya wajen Idirisu don ya raɗa masa, ya tarar Idirisu ma shi yake kallo, ido waje, wuyansa kamar na mai sayar da gawayi.

"Ba ka ce ko ruwan sama ba ya wanke shi ba?"

"Ai ruwan sama ya ce," in ji Idirisu a hankali. "Bai ambaci gumi ba."

Mutanen da ke kusa sun riga sun gani. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa na rawa. Wasu suka kama tari. Daidai nan Malam Abdulmumin ya iso, a gajiye, yana ba da haƙuri. Ya gaisa da jama'a, ya sha ruwa, ya zauna, ya ce, "To, ina angon?"

Aka nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"A'a. Wanda ya zo har Garagumsa neman ƙanwata dattijo ne mai farin gemu, da shi na yi magana. Wannan ban san shi ba. Ko a karofi kuka tsamo shi?"

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle, har mata suka leƙo ta zaure. Suma'ila ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma da ya sake duban Idirisu, ya ga yana ƙoƙarin rufe haɓa da hula, sai shi ma dariya ta ƙwace masa. Ya miƙe.

"Malam, a ara mini buta da sabulu. Na san inda dattijon naka yake, yanzu zan kawo maka shi."

A zaure suka durƙusa shi da Idirisu, suka yi ta cuɗawa. Gemun bai koma fari ba, ya tsaya toka-toka da ɗan shuɗi kamar wuyan kurciya. Babbar riga kuwa ba ta sawuwa. Suma'ila ya tuɓe ta ya naɗe, ya fito da jamfa, kansa jiƙe da ruwa, iska na ratsa shi. Wani irin daɗi ya ji wanda tun safe bai ji ba.

Liman ya dube shi ya ce, "Alhamdu lillahi. Tunda ango ya buɗe hanya, wa ya rage?" Ya cire tasa rigar ya aje gefe. Nan take riguna suka yi ta sauka, kowa na sauke ajiyar zuciya. Mata suka jiƙo zannuwa aka rataya a gefen rumfa, 'yar iskar da ke bi ta ciki ta riƙa fitowa da sanyi. Malam Abdulmumin ya ce yanzu ya gane surukinsa, ya ba da auren. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabinon da ya manne wa juna.

Bayan magariba aka kawo amarya. Da 'yan rakiya suka watse, Suma'ila ya yayyafa ruwa a tsakar gida, ya shimfiɗa tabarma, don ɗaki ba ya shiguwa. Zakiyya ta zauna, ta sassauta mayafi.

"Malam, matso wajen haske in gani. Sakina ta shigo mana tana riƙe ciki don dariya, ta kasa ba da labarin, sai da na haɗa da na maƙwabta."

Ya matsa yana kunya. Ta duba, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗan ja ɗankwalinta baya. Furfura ce jere a gaban goshinta.

"Ka ga tawa. Da ka tambaye ni, da na hutar da kai. Rigar kuma kar ka yar, a kai marina a rine ta shuɗiya, aikin jikinta ya yi kyau."

Ya ɗebo mata ruwa. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wannan randar taka ba ta sanyi. Gobe a ɗauko tawa daga Birni."

"To," in ji Suma'ila. Ya ɗauki mafici ya fara yi musu fifita.