Mararrabar Tsamiya Biyu

Ni Halliru, shekara ashirin da biyu ina gyaran keke a bakin kasuwar Rogo, kuma kafin nan na yi shekara tara ina kai man gyaɗar mahaifiyata Ƙaraye a kan kariyar keke. Babu tudu ko gangare tsakanin garuruwan nan biyu da cinyata ba ta sani ba. Na san inda yashi yake kama taya, na san rijiyar da ruwanta ke da gardi, na san ƙauyen da in ka wuce majalisarsu ba ka sauka ka gaisa ba, sai an bi ka da harara har ka ɓace. To, amma da 'yan birni suka tashi neman mai yi musu jagora, ba wurina suka zo ba. Wurin Sabi'u suka je.

Sabi'u ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tun muna yawo ba wando bai taɓa kirana da sunana ba. "Bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa "Ƙafar Sauro". In ya shigo rumfata ba sallama ba gaisuwa, sai dai ya ɗauke rakena ya hau sha, yana cewa abin bawa ai na ubangidansa ne. A duk duniya shi kaɗai ne ke zagina in yi dariya, kuma in kwana biyu ta wuce bai leƙo ya zage ni ba, sai in ji ranar ba ta yi mini daɗi ba.

Malamin firamare ne. Bara ya sayo wani keken gwanjo a Kano, mai lanƙwasasshen kai da taya siririya kamar tsinken tsire. Ni na ɗaure masa birki, ni na daidaita masa sarƙa, ni na koya masa sauya giya a kan tudu. Daga nan ya fara ɗaukar hoton gonakin gyaɗa da na dawa yana ɗorawa a intanet ta waya. A nan wata ƙungiyar masu tseren keke ta Kano ta gan shi. Shugabansu, wani Injiniya Bahauddeen, ya kira shi ya ce suna so ranar Asabar su taso daga Ƙaraye su ratsa ƙauyuka su ɓullo Rogo, su goma sha huɗu, shi zai ja gaba. Har riga suka aiko masa, ruwan ɗorawa, an rubuta JAGORA a baya.

Ranar da ya shigo rumfata da rigar nan, wallahi ban taya shi murna ba. Ba zan ɓoye ba, hassada ce. Mutumin da ko bara ba ya iya hawa tudun Kwanyawa sai ya sauka ya tura, wai shi ne jagora.

"Bawana, ranar Asabar sai ka biyo mu da famfo a baya," ya ce yana juyi don in karanta rubutun.

"Allah Ya kiyaye in bi ƙafar sauro," na ce. Na yi dariya, amma iya baki ta tsaya.

Mako guda garin ba shi da zance sai na Sabi'u. Mai shayi Sabi'u, 'yan acaɓa Sabi'u. Har Tasalla matata, tana zuba mini tuwo, ta ce, "Ashe Malam Sabi'u ya zama babban mutum." Na ture kwanon na ce miyar ba gishiri.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo. Abin mamaki, ya yi sallama. Bai taɓa rakena ba. Ya jawo benci ya zauna, ya yi ƙasa da murya.

"Yau ba wasa na zo ba. Daga Ƙaraye zuwa bayan Kwanyawa na bi sau uku, na riƙe. Amma ka san mararrabar Tsamiya Biyu, kafin a kai Fulatan? Ban taɓa bi ta nan ba, kwalta nake zagayawa. Su kuma sun ce ba sa son kwalta. Dama zan bi ko hagu?"

Dama hanya ce mai jan burji, a daddaɓe, tana hawa a hankali ta sauka ta cikin gonakin rake. Hagu burtali ne, hanyar shanu. Rabinsa yashi, rabinsa tsidau, ƙayar nan mai kai uku da ke kwance a ƙasa tana jiran taya. Baƙin kekena mai kaurin taya ma ba na kai shi can da kaka.

Na dubi rigar da ya naɗe a hammata. "Hagu," na ce.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wasa na yi. Ai tsakanin taubasai ƙarya ba laifi ba ce: na taɓa aika shi Ƙaraye ɗaurin auren da babu shi, shi ma ya taɓa sa ni na yi wa mai rai ta'aziyya. Amma wasa yana da fuska, kuma Sabi'u ya san tawa. In zan tsokane shi gefen bakina yana rawa. Ya tsaya yana duban bakin nan, ni kuwa na riƙe shi gam.

"Hagu," ya maimaita. "Na gode, ɗan'uwa."

Ranar Asabar tun da hantsi mutane suka taru a bakin kasuwa. An ce za su iso kafin sha ɗaya. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, aka kira azahar. Masu jira suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ni ina rumfa ina juya taya ɗaya da na gama gyarawa tun safe. Da farko daɗi na ji, wannan ma ba zan ɓoye ba. Da rana ta take sai daɗin ya fara tsami.

Wajen ƙarfe biyu da rabi suka ɓullo, a ƙasa. Mutum goma sha huɗu cikin matsattsun kaya da hulunan kwano, kowa na jan kekensa, wasu sun saɓa a kafaɗa. Takalmansu masu ƙarfe a tafi ba na tafiya ba ne, sai ƙwas-ƙwas suke suna ɗingishi. Sabi'u na gaba, rigar ruwan ɗorawa ta koma ruwan ƙasa, gwiwarsa na jini. Rumfar gyara ɗaya ce a kusa, tawa.

Injiniya Bahauddeen ya zube a benci ya shanye ruwan leda biyu kafin ya iya magana. Ba fushi yake ba, gajiya ce ta cinye shi.

"Kai ne Malam Halliru? Tun daga Ƙaraye muke jin sunanka. Duk tudun da muka hau sai ya ce kai ka nuna masa." Ya goge fuska. "A wajen tsamiyoyin nan wani dattijo mai shanu ya tare mu, ya ce kada mu bi hagu, ƙaya ce. Har rantsuwa ya yi. Malam Sabi'u ya ce a'a, ɗan'uwansa ya ce hagu, kuma a kan hanya ɗan'uwansa ba ya kuskure. Ina jin hanyar ce ta lalace bayan rabonka da ita."

Na dubi Sabi'u. Jira nake ya ce bawan banza, ya jefe ni da famfo, ya tara mini kasuwa. Da ya yi haka da na ji sauƙi, da yamma mun sha rake tare.

Bai tona ni ba. Ya jingine kekensa a hankali, ya cire hular kwano, ya ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa baƙon dattijo.

"Barka da rana, Malam Halliru. Ya aiki? Ya iyali? Don Allah in ba damuwa, a taimaka a duba mana tayoyin nan."

Faci talatin da ɗaya na yi ran nan, yana tsaye a bakin rumfa bai zauna ba.

Yau wata biyar ke nan. Kullum da safe yana wucewa ta gabana zuwa makaranta, kuma bai taɓa fasa tsayawa ba. Yakan sauka daga keke, ya gaishe ni da sunana, ya tambayi Tasalla da yara, ya hau ya tafi. Ni kuwa har yanzu ina sayen rake in ajiye a gefen benci, inda hannu zai kai.