Umarar Bakin Teku

Ni Sunusi likita ne a wani asibiti da ke Oxford Road a Manchester. Ina iya kallon mutum ido cikin ido in faɗa masa ciwonsa ba ya jin magani, muryata ko rawa ba ta yi. Amma a ce in tsuguna gaban surukata in ce mata zan ɗauki 'yarta mu tafi otal a bakin teku, mu biyu, har kwana shida, wallahi wannan ya fi ƙarfina.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu da Zinatu, ba mu taɓa fita daga mu sai mu ba. Ita ta nemo otal ɗin a Turkiyya, irin wanda aka keɓe wa mata nasu gefen ruwan, ta daidaita hutunta da nawa. 'Ya'yanmu, Khairat da Shifa, muka ɓoye musu inda za mu, don mun san rigimar da za a sha. Ranar Asabar muka kai su Birmingham, gidan kakarsu a Handsworth.

Zinatu ta hau sama da jakunkunan yara, ta bar ni a falo. Na durƙusa na gaida Mama, idona a kan kafet kamar kullum. Ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Kano, sannan ta ce Zinatu ta ce mata tafiya za mu yi, ina aka nufa? Na buɗe baki zan ce otal, sai kunya ta rufe ni. Otal, a gaban Mama? Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Umara za mu, Mama."

Ta yi ta masha Allah. Ina jira ta sallame ni in tsere, sai na ga ta tashi ta tura ƙofar falo, ta dawo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ambaci Junaidu, autanta. Yana nan Perry Barr, bas ɗaya za ta kawo shi, amma shekara biyu rabon da ya tako gidan, kuma a dangi ba mai kiran sunansa a gabanta.

"Likita, ni na kore shi da bakina. Na ce masa ba ni ba shi. Ko Zinatu ba ta sani ba. In ka tsaya gaban Ka'aba, ka roƙa min Allah Ya dawo min da ɗana."

Na ce to, in sha Allah. Ina jin zufa tana bin bayana, a ƙasar da ko rana babu.

A mota na faɗa wa Zinatu ƙaryar da na yi, ban faɗa mata saƙon ba, tunda amana ce. Da farko dariya ta yi har da riƙe ciki, tana kirana Alhajin ruwa. Da ta ga da gaske nake, ranta ya ɓaci. Ta ce in juya mota ko in kira Mama yanzun nan. Na ce sai mun isa gida. Da muka isa na ce sai mun isa filin jirgi. Ta ce ni na ƙulla, ni zan kwance, ita dai ba za ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, saƙon rubutu kawai za ta riƙa tura wa Mama cewa muna lafiya.

Otal ɗin kuwa, kai, an kashe masa dukiya. Tagar ɗakinmu teku take kallo, shuɗi har iyakar gani. Gadon zai ɗauki mutum biyar. Kowace safiya a naɗe tawul kamar agwagwa a ajiye mana a kai. Abinci iri-iri, kifi kaɗai kala bakwai, sai ka rasa ta inda za ka fara. Zinatu ta sake sosai. Ta kan dawo daga gefen mata fuskarta na sheƙi, tana ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Jamus da ke koya mata iyo. Rabon da in ga matata haka tun kafin a haifi Khairat, kuma na ji daɗin ganin hakan, ba zan ɓoye ba.

Ni ne dai abin ya ƙi min. In na kwanta a kujerar bakin ruwa, yashi a ƙafata, lemo mai sanyi a hannuna, sai in tuna a wannan sa'ar wata dattijuwa a Handsworth tana ganina cikin harami ina ɗawafi. Lemon sai ya fita raina. Bayan kowace salla in ɗaga hannu zan roƙa wa Junaidu, sai in ji ban isa ba. Da wane bakin? Bakin da ya yi ƙarya da ɗakin Allah? Sai in shafa in naɗe sallaya, in ce sai anjima idan zuciyata ta nutsu. Haka Azahar ta riƙa miƙa ni ga La'asar, Litinin ta miƙa ni ga Talata, har muka haɗa kaya.

Da muka sauka Manchester, Shaiɗan bai gama da ni ba. Na ce wa Zinatu mu biya Cheetham Hill, akwai shagon da ake sayar da dabinon Madina da carbi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in na sa ƙafa a shagon nan, to in tafi Birmingham ni kaɗai. Muka kama hanya hannu rabbana.

Tun daga bakin ƙofa muka ji ƙamshin turaren wuta. Mama ta yi mana waina da miyar taushe, ta ɗaura sabon zani, tana ta maraba da mutanen Makka. Zinatu ta ja yara sama ba tare da ta kalle ni ba. Na durƙusa a inda na durƙusa ranar Asabar, na faɗa mata komai. Na ce Turkiyya muka je, otal, bakin teku, kunya ce ta sa na ce Umara, ta yafe min. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan rana ba, ga ni da furfura a gemu.

Ta saurare ni har na gama. Can ta ce to mene ne abin ɓoyo don mutum ya fita da matarsa? Ita ma marigayi Alhaji ya taɓa kai ta bakin ruwa a Legas, har igiyar ruwa ta tafi da takalminta ɗaya. Ta ce ta yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Har na fara jin sanyi a raina, ina shirin godiya.

"To saƙona fa?" ta ce. "Allahn Makka ai Shi ne na bakin tekun. Ka dai roƙa min ko?"

Da a ce na ce e, ba wanda zai taɓa sani. Na ji kalmar ta zo har kan harshena, na haɗiye ta.

"A'a, Mama. Ko sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta gyara zaman ɗankwalinta. Ta jawo kwanon wainar ta buɗe, ta tura min gabana.

"Ci, Likita, kada ta huce," ta ce. "Ni kuwa kwana shidan nan ne kaɗai na yi barci a shekara biyu."