Gaba Arba'in a Kan Igiya Ɗaya

An haƙa rijiyar garin ne a shekarar 1974, bayan babban fari, kuma zurfinta gaba arba'in ne. Duk bazara sai an yashe ta. A watan Mayun 2022 aikin ya faɗa wa Arzika, wanda aka zura cikinta da hantsi, igiya ɗaure a ƙugunsa. Ɗaya bakin igiyar yana jikin takarkari, mai jan takarkarin kuwa Hamdiya ce, yarinya 'yar shekara tara.

Shekara guda ke nan da kawunta Badaru ya ɗauko ta daga wani ƙauye na bakin iyaka, ya kawo ta nan ƙasar Ɗan Gulbi. 'Yan bindiga ne suka shiga ƙauyen a kan moto ranar kasuwa, suka kashe ubanta, ita kuwa ta wuni cikin rumbu. Tun daga ranar, tsawa ko ƙarar inji kan sa ta sandare. Manjo, babban ma'aikacin jinya na asibitin Dakoro, ya gaya wa Badaru cewa jikinta bai yarda an gama gudu ba tukuna, a bi ta a hankali. Badaru ya ce aiki ne zai warkar da ita. Takarkarin ma ya goyi bayansa, domin ya sha duka a hannun maza har ba ya yarda da kowa sai ita.

Rana ta take tsaka sai igiya ta girgiza sau uku.

"Iska ta ƙare masa," in ji Badaru. "Hamdiya, ja!"

Ta ja, takarkari ya bi ta. Sun yi rabin tafiya sai ga moto uku na malaman dabbobi sun ɓullo ta bayan dunhun ƙaya, sun zo allurar garke.

Hamdiya ta tsaya cik. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta ganin kowa. Yatsunta suka ƙanƙame igiyar hancin takarkarin, fitsari ya bi ƙafarta. Takarkari ya tsaya, yana hura hanci. Arzika na reto a tsakiyar rijiya, inda iska ba ta isa.

Badaru ya cika ƙirji zai kwatsa mata tsawa.

"Kada ka soma!" Agali ne, tsohon makiyayi da ke shayar da raƙumansa kusa da ita. Bai ɗaga murya sosai ba. "In ta zabura, sa ya zabura, kan Arzika ne zai daki icen bakin rijiya. Tsaya inda kake, in ka nufo shi da gudu ma haka ne."

"Mutum na mutuwa, Agali!"

"Na sani. Ka sa waɗancan su kashe injinsu."

Badaru ya yi ta yi musu alama da hannu har suka gane. Wurin ya yi tsit.

Agali ya sauke rawaninsa daga baki don ta ga fuskarsa. Ya taka a hankali, ya tsuguna a gefenta, bai taɓa ta ba.

"Ɗiyata, ni ne, mai raƙumin nan da ya cinye miki ƙosai shekaranjiya. Har yanzu bai ba da haƙuri ba."

Ba ta motsa ba. Jijiyar wuyanta na harbawa kamar ta tsuntsun da aka kama.

Daga rijiya aka ji tari, sannan shiru. Matar Arzika ta toshe bakinta da gyale.

"Ɗora hannunki a wuyan takarkarin nan naki," in ji Agali. "Shi ma tsoro yake ji. Kin ji yadda yake numfashi? Yi irin nasa."

Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake, ya kuma. A na huɗu ƙirjinta ya bi nasa. Hannunta na hagu ya tashi, ya sauka a wuyan takarkarin.

"Sun zo?" ta tambaya, da ƙyar ake jinta.

"Masu allurar shanu ne. Baba Arzika na cikin rijiya, yana son fitowa. Taku ɗaya kawai."

Ta yi ɗaya. Ta yi na biyu. Igiya ta miƙe, icen ya fara kuka. Agali yana tafiya da baya a gabanta, idonsa a kan rijiya, yana ƙirga mata takun.

A al'ada, in wanda ke ƙasa ya iso baki, ihu ake yi wa mai ja don ya tsaya. Da kan Arzika ya bayyana, Badaru ya buɗe baki, sai ya rufe. Ya cire hularsa ya ɗaga ta sama.

"Ya isa, ɗiyata," in ji Agali. "Tsaya."

Aka ciro Arzika jikinsa a sake, leɓɓansa sun yi fari. Aka kwantar da shi a inuwa, aka yi ta yi masa fifita, har ya yi amai ya buɗe ido.

A lokacin ne kuka ya ƙwace wa Hamdiya. Badaru ya zo ya tsuguna a gefenta, yadda ya ga Agali ya yi, ya jira. Sai da la'asar ta kusa sannan ta saki igiyar, ta kama hannun rigarsa.